Suna Linzami Ne: Sunan Mai Neman Aiki da Sunan Abin da Ke Tare Masa Hanya

A tsakanin 2001 da 2002 wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, suka ƙirƙiri takardun neman aiki kusan 5,000 na mutanen da ba a taɓa haifa ba, suka aika da su inda aka yi tallar guraben aiki sama da 1,300 a jaridun Boston da Shikago. Sunan da ke saman kowace takarda ƙuri'a ce ta zaɓe shi. Rabin takardun suka ɗauki sunayen da fararen fata suka fi raɗa wa 'ya'yansu, irin su Emily da Greg. Rabi suka ɗauki waɗanda aka fi ji a gidajen baƙaƙen fata, irin su Lakisha da Jamal. Daga nan aka zauna jiran waya. Mai sunan farar fata sai ya aika takarda kamar 10 kafin a kira shi sau ɗaya, mai sunan baƙar fata kuwa sai ya aika kamar 15. Da masanan suka auna tazarar, suka ga sunan farar fata shi kaɗai ya yi nauyin ƙarin shekara 8 na gogewa a aiki.

Bahaushen da ya duba jerin sunayen nan zai ga 'yan gida a ciki: akwai Aisha, akwai Rasheed da Kareem da Hakim. Aisha ce ma ta zo can ƙasa a yawan kira. Dabarar aika takardun bogi ta girmi wannan bincike, don an yi amfani da ita a Ingila tun wajen 1970, amma fitowarsa a 2004 ce ta mai da ita babban ma'aunin wariya wajen ɗaukar aiki a ƙasashe da dama.

Hausawa suka ce suna linzami ne. A wannan fage na ilimi maganar ta tabbata ta fuska biyu. Akwai sunan mai neman aiki, wanda ke riga shi shiga ofis. Akwai kuma sunayen da masana suka raɗa wa matsalar kanta, waɗanda yau ake jin su a kowane taron bita daga Landan har Abuja. Na biyun nan sun cancanci a bi diddiginsu, domin sunan da aka ba matsala shi ke nuna wanda za a tuhuma, da inda za a kashe kuɗin magani.

Abin da suna ke ɗauke da shi

Suna ba saƙo ɗaya yake kaiwa ba. Wanda ya karanta "Aisha" a saman takarda ya karanta mace, ya karanta launin fata, wataƙila ya karanta addini, wataƙila kuma ya yi kirdadon arziki ko talaucin iyayenta. To, wanne daga ciki ya hana shi ɗaga waya? Wannan tambaya ce ta sa Claire Adida da David Laitin da Marie-Anne Valfort suka shirya wani gwaji a Faransa, wanda ya fito a 2010. Suka ɗauki sunan dangi ɗaya na mutanen Senegal, wato Diouf, suka ba mata biyu na bogi: Marie Diouf da Khadija Diouf. Asali ɗaya, launi ɗaya, ilimi ɗaya. Abin da ya raba su sunan yanka ne da ƙungiyar agajin da kowace ta taɓa yi wa aiki, ɗaya ta Katolika, ɗaya ta Musulunci. An kira Marie ninki biyu da rabi na yadda aka kira Khadija. Da an tsaya ga kiran abin wariyar launin fata, da wannan ɓarakar ba ta fito ba, tunda launin bai bambanta ba.

A 2012 Corinne Moss-Racusin da abokan aikinta a Jami'ar Yale suka juya dabarar kan malaman jami'a da kansu. Suka aika wa farfesoshin kimiyya 127 takardar wani ɗalibi mai neman aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje. Takardar ɗaya ce, sai dai wasu sun ga John a sama, wasu sun ga Jennifer. Aka ba John maki mafi yawa a ƙwarewa, aka yanka masa albashin dala 30,238 a shekara, Jennifer kuwa 26,508. Farfesoshi mata ma haka suka yi hukunci, ba su bambanta da maza ba.

Masana sun daɗe da raba abu biyu: halittar namiji da mace, da abin da al'umma ke zato daga namiji da mace. Littafin Ann Oakley na 1972 yana cikin waɗanda suka kafa wannan rabo. A Hausa kalmar jinsi ce ke ɗaukar duka biyun, shi ya sa da an ce binciken jinsi wasu ke zaton halitta ake so a musa. Gwajin Yale ya fayyace abin da ake nufi a fagen aiki. Jennifer ba ta da jiki, ba ta da ciki ko goyo, ba ta taɓa makara ba. Dala sama da 3,700 da aka rage mata kuɗin zato ne zalla.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa zaton ba kullum mace yake cuta ba. Peter Riach da Judith Rich sun gano a Ingila a 2006 cewa ana ture takardar mace a aikin injiniya, ana kuma ture ta namiji a aikin sakatare. A 2015 Wendy Williams da Stephen Ceci suka samu cewa malaman kimiyya a Amurka sun fi zaɓar mace ninki biyu idan aka ba su 'yan takara biyu da duk suka yi fice. Ashe aikin ma yana da nasa laƙabin a zukatan mutane, wannan na maza, wancan na mata. Har tallar gurbin tana ɗauke da shi: binciken Danielle Gaucher da abokanta a 2011 ya nuna tallan ayyukan da maza suka mamaye sun fi cika da kalmomin gasa da iko da mamaya, kuma matan da suka karanta irinsu ba iyawarsu suka yi shakka ba, gani suka yi wurin ba nasu ba ne.

Rufi, daɓe da gaɓa

Mafi shahara cikin sunayen matsalar shi ne rufin gilashi. A 1978 wata ma'aikaciyar kamfanin tarho na New York, Marilyn Loden, ta zauna a wani taro kan ci gaban mata, tana jin masu jawabi suna ɗora laifin a kan matan: ba su yarda da kansu ba, ba su iya nuna kansu ba. Ita kuwa ta ce akwai wani rufi a samansu wanda ba a gani sai an buga kai, kuma al'adar wurin aiki ce ta gina shi. Jaridar Wall Street Journal ta yaɗa sunan a 1986, kuma a 1991 majalisar Amurka ta kafa hukuma sukutum mai ɗauke da shi. Rahoton hukumar na 1995 ya nuna kashi 95 zuwa 97 cikin 100 na manyan shugabannin manyan kamfanonin ƙasar maza ne.

Wannan suna ya yi aiki babba, don ya ɗauke tuhuma daga zuciyar mace ya mai da ita kan ma'aikata. Amma yana kallon sama ne kawai, inda 'yan tsiraru ke neman kujerar darakta. Shi ya sa a 1992 Catherine Berheide ta yi maganar daɓe mai danƙo, wato halin ɗimbin matan da ke ƙananan ayyuka masu ƙaramin albashi, waɗanda ko matakin farko ba su taka ba balle su hango rufi. A 2007 Alice Eagly da Linda Carli suka ce shinge ɗaya a sama bai kwatanta gaskiya ba, abin ya fi kama da lunguna masu ɓatar da mutum tun daga ƙofar shiga.

Labarin gaɓar gilashi ya fi nuna yadda suna ke juya hujja. A Nuwamban 2003 jaridar Times ta Landan ta buga cewa cikin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Birtaniya, waɗanda suka sa mata a hukumar gudanarwarsu sun fi samun koma baya. Michelle Ryan da Alex Haslam na Jami'ar Exeter suka koma kan alƙaluman suka duba abin da ya riga wani. Suka tarar kamfanonin sun riga sun fara tangal-tangal watanni kafin a naɗa matan. Wato sai jirgi ya fara shan ruwa ake miƙa wa mace ragama, idan ya nutse a ce ita ce. Bincike-binciken da suka biyo baya wasu sun sake samun haka, wasu ba su samu ba, amma tun 2005 da sunan ya fito, duk mai son ɗora faɗuwar kamfani a kan shugaba mace sai ya fara amsa tambayar yaushe aka naɗa ta.

Tun kafin waɗannan duka, Rosabeth Moss Kanter ta bayyana a littafinta na 1977 halin wadda za mu kira 'yar cike gurbi: mace ɗaya ko biyu a cikin taron maza, inda rabon ya kai kamar 85 da 15. Kowa ido a kanta, kuskurenta na dukkan mata ne, nasararta kuwa tata ce ita kaɗai. Kanter ta nace cewa ƙarancin adadi ne ke haifar da wannan, kuma duk wanda ya zama tsiraru a wurin aiki zai iya ɗanɗana shi.

Sunayen ginin nan suna da rauni ɗaya da ya kamata a lura da shi. Rufi ba ya zama a kwamitin ƙarin girma, daɓe ba ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki. Mutane ne ke yi. Idan aka yawaita maganar gini, sai mai yanke hukunci ya ɓace daga cikin jimla.

Tarar uwa da mararraba

Akwai sunan da ke yi wa kunnen Bahaushe nauyi, wanda za a iya cewa tarar zama uwa. A wurinmu haihuwa arziki ce, kuma haɗa ta da tara kamar saɓo ne. Amma a duba abin da aka auna. A 2007 Shelley Correll da Stephen Benard da In Paik suka shirya takardun mata biyu masu ƙwarewa ɗaya, sai dai a ɗaya an ambaci cewa mai ita tana riƙe da muƙami a ƙungiyar iyaye da malamai. Wannan layi ɗaya ya sa masu tantancewa suka rage mata kimanin dala 11,000 a albashin farawa. Da aka aika takardun ga kamfanoni na gaske, an kira marasa 'ya'ya fiye da ninki biyu na iyaye mata. Uba kuwa bai yi asarar komai ba, a wasu ma'aunan ma ya ƙaru. Ko a Denmark, inda gwamnati ke tallafa wa reno sosai, Henrik Kleven da abokansa sun gano cewa bayan haihuwar fari kuɗin shigar mace yana komawa baya da kusan kashi 20 cikin 100 idan aka gwada da na namiji, kuma tazarar ba ta rufewa. Saboda haka sunan ba haihuwa yake zagi ba. Tara tana da mai yanka ta, kuma jariri ba shi ne ya yanka ba. Ta wannan fuskar ya fi rufi da daɓe gaskiya, domin yana tilasta a tambayi wanda ya ci tarar.

Mararraba kuwa daga kotu ta fito. A 1976 wasu baƙaƙen mata biyar, cikinsu har da Emma DeGraffenreid, suka kai ƙarar kamfanin General Motors a Amurka. Kamfanin bai ɗauki baƙar mace ba kafin 1964, don haka da aka zo rage ma'aikata bisa daɗewa a aiki, su ne suka fara fita. Kotu ta ƙi yarda a haɗa ƙarar jinsi da ta launi wuri ɗaya: ai kamfanin yana da mata, wato farare, baƙaƙe kuwa a je a haɗu da wata ƙarar ta daban. A 1989 masaniyar shari'a Kimberlé Crenshaw ta ɗauki wannan hukunci ta ce wadda ke tsaye a mahaɗar hanyoyi biyu mota na iya buge ta daga kowane ɓangare, doka kuwa tana duba hanya ɗaya ne a lokaci guda.

Mu ma muna da tamu mararrabar. Tsarin raba daidai da ya shiga kundin mulkin Nijeriya a 1979, aka kuma kafa masa hukuma a 1996, jihohi yake ƙirgawa, kuma ƙa'idar hukumar ta bar matar aure a jiharta ta asali. A 2012 aka dakatar da rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara domin an kawo ta a gurbin jihar Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana aikin shari'a, alhali asalinta Anambara ce. Sai bayan ce-ce-ku-ce aka rantsar da ita. Namiji ba ya faɗawa wannan rami, haka macen da ta auri ɗan jiharsu.

Daga biyan haƙƙi zuwa gauraya

Sauyin suna mafi girma a wannan tarihi ya faru ne a hankali. A 1961 Shugaba Kennedy na Amurka ya umarci kamfanonin da ke karɓar kwangilar gwamnati su ɗauki mataki a aikace don tabbatar da ba a nuna wariya wajen ɗaukar aiki. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta haramta wariyar launi da addini da jinsi a wurin aiki, kuma a 1967 Shugaba Johnson ya ƙara jinsi a cikin sharuɗɗan 'yan kwangila. Harshen wancan zamani harshen haƙƙi ne: an zalunci wasu, dole a gyara.

A 1978, a shari'ar Allan Bakke da Jami'ar Kalifoniya, Mai Shari'a Lewis Powell na Kotun Ƙolin Amurka ya ƙi karɓar gyaran zaluncin al'umma a matsayin hujja, amma ya karɓi wata: amfanin tara ɗalibai iri-iri wuri ɗaya. Mu kira ta gauraya. Da gwamnatin Reagan ta sassauta tilasta dokokin wariya a shekarun 1980, sai jami'an kula da ma'aikata suka rungumi wannan kalma, kamar yadda Erin Kelly da Frank Dobbin suka bi sawun abin a 1998. Rahoton Cibiyar Hudson na 1987, wanda ya yi hasashen mata da tsiraru da baƙi za su zama mafi yawan sababbin ma'aikata, ya ba su hujjar kasuwa. Daga nan dalili ya tashi daga haƙƙin wanda aka hana ya koma ribar kamfani. Kalmar ta buɗe ƙofofi da yawa domin ba ta zargin kowa, kuma nan ne rauninta yake. Abin da aka yi don riba ana iya barinsa ranar da lissafi ko iskar siyasa ta juya, kamar yadda kamfanonin Amurka da dama suka ja da baya bayan Kotun Ƙoli ta soke la'akari da launi wajen shiga jami'a a 2023.

Ƙanwar gauraya ita ce son zuciya na rashin sani. Ta samu ƙarfi daga gwajin kwamfuta da Anthony Greenwald da abokansa suka fitar a 1998, mai auna saurin da mutum ke haɗa wasu fuskoki ko sunaye da kalmomin yabo ko na suka. Kamfanoni sun so wannan suna ƙwarai, domin idan kowa na da laifin kuma ba wanda ya san yana da shi, to taron bita na yini ɗaya ya wadatar. Sai dai a 2019 Patrick Forscher da abokansa suka tattara nazari 492, suka ga sauya makin mutum a irin wannan gwaji ba ya tabbatar da sauyin halinsa. A Disamban 2020 gwamnatin Birtaniya ta daina irin wannan horo ga ma'aikatanta.

Sunan da aka daɗe ana ɓoyewa

Wani zai ce, tunda suna ne ke jawo wariya, a goge shi mana. An gwada. Faransa ta yi doka a 2006 ta takardar neman aiki marar suna, amma gwajin da aka yi a 2009 zuwa 2010 ya nuna 'ya'yan baƙi sun ƙara faɗuwa, domin kamfanonin da suka shiga gwajin da son ransu su ne dama masu yi musu uzuri idan sun ga sunan. A 2015 aka cire tilascin. A Ostareliya a 2017, gwaji da ma'aikatan gwamnati sama da 2,100 ya nuna goge suna ya rage wa mata damar shiga jerin waɗanda za a gana da su. Kwamfuta ma ba ta tsira ba: a 2018 aka ruwaito cewa Amazon ya watsar da wata manhajar tantance takardu da ya horar da takardun shekara 10, domin ta koyi rage maki ga duk takardar da kalmar "na mata" ta fito a ciki. Goge suna yana taimako inda ake wariya, yana cutarwa inda ake ƙoƙarin gyara, don haka sai an fara sanin a ina ake.

Wannan sanin ne Patrick Kline da Evan Rose da Christopher Walters suka nema. Sun aika takardun bogi kimanin 83,000 ga kamfanoni 108 daga cikin mafiya girma a Amurka. Sakamakon ya nuna wariyar ba a shimfiɗe take daidai ba: kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin su ke da alhakin kusan rabin kiran da masu sunan baƙaƙe suka rasa. Ta fuskar jinsi, a jimlace babu tazara, amma wasu kamfanonin maza suke fifitawa ƙarara, wasu mata. Inda aka tattara ɗaukar aiki a ofis ɗaya mai tsari, wariya ta fi ƙaranci. A 2024 masanan suka fitar da sunayen mafi yawan kamfanonin da makin kowanne. Wannan ya zo daidai da abin da Alexandra Kalev da Dobbin da Kelly suka samu tun 2006, bayan sun bi wuraren aiki 708 daga 1971 zuwa 2002: horon gauraya yana cikin mafi ƙarancin tasiri wajen ƙara mata da baƙaƙe a muƙaman shugabanci, abin da ya fi tasiri shi ne ɗora alhakin a wuyan wani sanannen jami'i ko kwamiti da za a tambaya.

Ga mu da muke rubuta jiha da ƙaramar hukuma da matsayin aure a takardar neman aiki, mu liƙa hoto a kai, darasin a fili yake. Duk kalmar da aka kawo mana a taron bita, mu tambayi wanda ya raɗa ta, da abin da ya auna, da wanda take ɗora wa alhaki. Jami'o'inmu kuma suna iya yin irin wannan awo da sunayenmu da gurabenmu, don ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ma'aikatar da ke son adalci da gaske ta rubuta sharuɗɗan aiki kafin ta buɗe takarda ko ɗaya, ta ajiye lissafin waɗanda suka nema da waɗanda aka kira da waɗanda aka ɗauka, sa'annan ta bayyana jami'in da zai tsaya ya yi bayanin lissafin nan a ƙarshen kowace shekara.